Robert Badinter, marayan yaƙi da ya raba Faransa da hukuncin kisa

Ranar 9 ga watan Fabrairu rana ce da malamai da ɗaliban Nijar ba sa mantawa da ita, domin a cikinta ne, a shekara ta 1990, jami'an tsaro suka buɗe wa ɗalibai masu zanga-zanga wuta a bakin gadar Kennedy da ke Yamai, uku daga cikinsu suka rasa rayukansu. A Faransa ma wannan rana tana da nata nauyi. Ranar 9 ga Fabrairu 1943 ƴan sandan asirin Jamus, wato Gestapo, suka kai samame wani gida da ke titin Sainte-Catherine a birnin Lyon, suka kama Yahudawa 86. A cikinsu akwai wani mai fataucin fatu da ake kira Simon Badinter, wanda tun daga lokacin iyalinsa ba su sake sa shi a ido ba. Bayan shekara 81 cif, ranar 9 ga Fabrairu 2024, ɗansa Robert Badinter ya rasu a Paris yana da shekara 95, bayan ya zama lauya, malamin jami'a, ministan shari'a, kuma mutumin da ya shawo kan majalisar Faransa ta soke hukuncin kisa.

Mai karatu yana iya tambayar abin da ya haɗa ƴan Nijar da tarihin wannan Bayahude. Abin da ya haɗa su shi ne doka. Kundin hukunta laifuka na Nijar na 1961 daga na Faransa aka samo tushensa, kuma hukuncin da Badinter ya yaƙa a can yana nan a rubuce a nan. Tambayar da ya ƙare rayuwarsa a kanta, wato iyakar ikon hukuma a kan ran ɗan Adam, tambaya ce da har yanzu ba a rufe ta ba a wannan ƙasa.

Asali da ƙuruciya

An haifi Robert Badinter a Paris ranar 30 ga Maris 1928. Iyayensa baƙi ne daga Besarabiya, yankin da a yau mafi yawansa ke cikin ƙasar Moldova, inda Yahudawa suka sha fama da kisan gilla a zamanin sarakunan Rasha. Simon Badinter ya zo Faransa da kyakkyawan zato gare ta, yana ganin ita ce ƙasar da ta fara ba Yahudawa cikakken ƴancin zama ƴan ƙasa tun 1791. Ya sami takardar zama Bafaranshe a 1928, ya kuma tarbiyyantar da ƴaƴansa a kan son harshen Faransanci da girmama jamhuriya.

Wannan zato ya rushe a 1940. Da Jamus ta ci Faransa da yaƙi, gwamnatin Mareshal Pétain da ke Vichy ta kafa dokar ware Yahudawa a watan Oktoba na wannan shekara, ta kore su daga aikin gwamnati da koyarwa da aikin jarida. A 1941 ta taƙaita yawan lauyoyi Yahudawa zuwa kashi 2 cikin 100. Ya kamata a tuna cewa wannan gwamnati ce ta mulki Nijar a lokacin, ta hannun babban gwamna Pierre Boisson da ke Dakar, har zuwa ƙarshen 1942. Hannun da ya riƙa tsara jerin sunayen Yahudawa a Paris shi ne ya ƙara tsananta aikin dole da karɓar hatsi da dabbobi a ƙauyukan Nijar.

Bayan an kama Simon, aka tura shi sansanin Drancy, daga nan a watan Maris 1943 aka sa shi a jirgin ƙasa zuwa sansanin kisa na Sobibor a Poland. Robert, yana ɗan shekara 15, ya ɓuya tare da mahaifiyarsa da wansa a ƙauyen Cognin kusa da Chambéry, da takardun bogi. Mutanen ƙauyen ba su tona musu asiri ba har yaƙi ya ƙare, kuma bai taɓa mantawa da wannan halacci ba. Saurayin ya fita daga yaƙi da darasi biyu: ya ga doka tana iya zama makamin zalunci idan ta faɗa hannun azzalumai, ya kuma ga talaka marar muƙami yana iya tsare ran baƙo da shirunsa kawai.

Ya yi karatun adabi da shari'a a Paris, ya ƙaro ilimi a jami'ar Columbia ta Amurka, ya shiga aikin lauya a 1951 a ƙarƙashin fitaccen lauya Henry Torrès. A tsakiyar shekarun 1960 ya zama malamin jami'a, ya kuma buɗe ofis tare da Jean-Denis Bredin, inda suka riƙa kare manyan kamfanoni da ƴan fim da masu jaridu. Da ya tsaya a nan, da ya mutu attajiri wanda tarihi bai san da zamansa ba.

Shari'u biyu a birnin Troyes

A watan Satumba 1971 wasu fursunoni biyu na gidan kason Clairvaux, Claude Buffet da Roger Bontems, suka yi garkuwa da wata ma'aikaciyar jinya da wani mai gadi. Da jandarmomi suka kutsa, sai suka tarar an yi wa mutanen biyu yankan rago. Aka gurfanar da fursunonin a kotun manyan laifuka ta Troyes a watan Yuni 1972, Badinter yana cikin masu kare Bontems. Kotu ta amince cewa Bontems bai kashe kowa da hannunsa ba, amma ta yanke masa hukuncin kisa a matsayin abokin aikata laifi. Shugaba Georges Pompidou ya ƙi yi masa afuwa. Kafin fitowar alfijir, ranar 28 ga Nuwamba 1972, a farfajiyar gidan kason La Santé, aka fille kan mutanen biyu da gilotin, wato injin nan mai ƙatuwar wuƙa da Faransa ke kisa da shi tun 1792. Badinter yana wurin, domin doka ta ba lauya damar raka wanda ya kare har bakin injin. Ya zayyana abin da ya gani a littafinsa L'Exécution na 1973. Kafin wannan asuba yana ƙin hukuncin kisa ne a tunani, irin na masu karatu. Bayanta kuwa yaƙi da shi ya zama sana'arsa.

Shekara huɗu bayan haka ƙaddara ta mayar da shi wannan kotu. A watan Janairu 1976 wani saurayi mai suna Patrick Henry ya sace yaro ɗan shekara 7, ya nemi kuɗin fansa, ya shaƙe shi har lahira. Kafin a kama shi, ya fito a talabijin yana cewa wanda ya aikata irin wannan ya cancanci mutuwa. Faransa ta harzuƙa, har ministoci suka riƙa kiran a kashe shi tun ba a zauna shari'a ba. Lauyoyi suka riƙa zamewa, sai Robert Bocquillon, shugaban lauyoyin garin Chaumont, ya ɗauki nauyin, ya kuma nemi taimakon Badinter.

A wannan karo babu shakka a kan laifin, kuma Badinter bai yi ƙoƙarin wanke mai laifin ba. Ya juya shari'ar ta zama shari'ar hukuncin kisa kansa. A wancan zamani alƙalai uku da mutum tara daga cikin jama'ar gari ne ke yanke hukunci, kuma sai da murya takwas cikin goma sha biyu ake iya kai mutum ga gilotin. Ya dubi waɗannan mutane ɗaya bayan ɗaya, ya nuna musu cewa babu wanda zai ɓuya a bayan doka ko a bayan shugaban ƙasa, kowannensu shi ne zai yanke shawarar a raba rayayyen mutum gida biyu. Ya kuma faɗa musu cewa wata rana za a soke wannan hukunci, su kuwa za su zauna da abin da suka yanke har ƙarshen rayuwarsu. Ranar 20 ga Janairu 1977 kotu ta yanke wa Patrick Henry ɗaurin rai da rai. Daga nan zuwa 1980 Badinter ya ceto wasu mutum biyar daga gilotin a shari'un da aka sake. Ladan da ya samu daga jama'a shi ne zagi a bakin kotu da wasiƙun barazanar kisa.

Satumba 1981

Muhawarar ta daɗe a Faransa. An tayar da ita a majalisa tun 1791. Victor Hugo ya rubuta Le Dernier Jour d'un condamné a 1829, littafin da malaman Faransanci suka sani sarai. A 1908 Aristide Briand da Jean Jaurès sun gwada a majalisa, aka kayar da su. Albert Camus ya sake ɗaga maganar a 1957. Duk da haka, a ƙarshen shekarun 1970 Faransa ce kaɗai ta rage tana aiwatar da kisa a cikin ƙasashen tarayyar Turai ta lokacin.

A watan Maris 1981 ɗan takara François Mitterrand ya bayyana a talabijin cewa yana adawa da hukuncin kisa, ko da yake ya san yawancin masu zaɓe ba su tare da shi a kan haka. Ya ci zaɓe a watan Mayu, ya naɗa Badinter ministan shari'a ranar 23 ga Yuni. Ranar 17 ga Satumba ministan ya hau mumbarin majalisar dokoki, alhali ƙuri'ar jin ra'ayi tana nuna cewa sama da kashi 60 cikin 100 na Faransawa suna son a bar hukuncin.

Hujjojinsa huɗu ne. Ta farko, babu wata shaida da ta tabbatar cewa tsoron kisa yana rage manyan laifuka, domin mai kisa ko dai zuciya ce ta ɗebe shi, ko kuwa yana zaton ba za a kama shi ba. Ɗan ta'adda kuwa mutuwar yake nema, kashe shi ƙara masa daraja ne a idon mabiyansa. Ta biyu, alƙali mutum ne, yana kuskure, kuma duk kuskure yana gyaruwa in ban da wannan. Ta uku, hukuncin ya zama caca: laifi iri ɗaya, a kashe wannan a bar wancan, gwargwadon ƙwarewar lauya da zafin jama'ar gari da halin shugaban ƙasa. A nan ya kawo lissafin da ya kamata ɗan Afirka ya riƙe: cikin mutum tara da aka kashe tun 1965, huɗu baƙi ne, uku daga cikinsu ƴan arewacin Afirka. Na ƙarshe da aka fille wa kai a Faransa, Hamida Djandoubi, a Marseille ranar 10 ga Satumba 1977, ɗan Tunisiya ne. Ta huɗu, duk inda mulkin kama-karya yake, hukuncin kisa yana tare da shi, domin shi ne alamar cewa hukuma ta mallaki talaka har ransa.

Washegari majalisa ta amince da ƙuri'a 363, masu ƙi 117. Cikin ƴan adawar da suka goyi baya har da Jacques Chirac. Majalisar dattawa ta bi sahu ranar 30 ga Satumba, aka sa wa dokar hannu ranar 9 ga Oktoba 1981. A 2007, a ƙarƙashin mulkin Chirac, aka shigar da haramcin cikin kundin tsarin mulki.

Aikinsa na minista bai tsaya nan ba. Ya rushe kotun tsaron ƙasa, wadda aka kafa a 1963 don shari'ar laifukan siyasa, ya soke kotunan soja a lokacin zaman lafiya, ya buɗe wa kowane ɗan ƙasa hanyar kai ƙarar gwamnati kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai. Ya shigo da aikin amfanin jama'a a madadin ɗauri ga masu ƙananan laifuka, ya kuma kafa dokokin biyan diyya ga waɗanda aka cuta da waɗanda haɗarin mota ya rutsa da su. Duk da haka aka laƙaba masa sunan ministan masu laifi, har a watan Yuni 1983 ƴan sanda suka yi zanga-zanga a ƙarƙashin tagar ofishinsa.

Gwajin da ya fi kowane tsanani

Riƙe aƙida yana da sauƙi matuƙar ba ta taɓa mai ita ba. A watan Fabrairu 1983 ƙasar Bolibiya ta miƙa wa Faransa Klaus Barbie, shugaban Gestapo na Lyon, mutumin da ya ba da umurnin samamen da ya tafi da Simon Badinter. Ministan shari'ar da aka damƙa wa shi ɗan wanda ya hallaka ne. Badinter ya sa aka fara tsare shi a gidan kason Montluc, inda shi Barbie ya riƙa tsare mutanen da yake azabtarwa, amma ya tsaya a kan cewa a yi masa shari'a irin ta kowa, da lauyoyinsa da cikakken haƙƙinsa. Ya kafa dokar 1985 da ta ba da damar ɗaukar manyan shari'un tarihi a fim, don na baya su gani. A watan Yuli 1987 kotun Lyon ta yanke wa Barbie ɗaurin rai da rai, ya mutu a tsare a 1991. Dokar da maraya ya kafa ita ce ta sa ba a ko ambaci gilotin ba a shari'ar wanda ya maraita shi.

Inuwar mulkin mallaka

Shari'ar Barbie ta tono wani miki da ya shafi Afirka. Lauyansa Jacques Vergès, tare da Jean-Martin Mbemba ɗan Kwango da Nabil Bouaïta ɗan Aljeriya, sun tambayi Faransa da wane baki take hukunta laifin Jamus alhali ba ta hukunta nata a ƙasashen da ta mallaka ba. Wannan hujja ba ta wanke Barbie daga komai, amma tambayar tana da tushe. A lokacin yaƙin Aljeriya an fille kan ƴan gwagwarmaya da yawa da gilotin, farawa da Ahmed Zabana ranar 19 ga Yuni 1956. Ministan shari'a a lokacin shi ne François Mitterrand, kuma an kashe mutum 45 a zamanin da yake riƙe da wannan kujera. A Nijar kuwa, bayan da sojan Faransa suka sake kama Agadas a 1917 daga hannun Kawsan, an karkashe malamai da mutanen gari ba tare da wata shari'a ta ƙwarai ba. Dokar indijena, wadda ta ba kwamanda ikon ɗaure talaka ba tare da alƙali ko lauya ba, sai a 1946 aka soke ta. Saboda haka ɗan Nijar yana da dalilin yin taka-tsantsan idan Faransa ta zo da wa'azin haƙƙin ɗan Adam. Sai dai hujjojin Badinter ba mallakar Faransa ba ne, hasali ma tarihin mulkin mallaka shaida ne a gare su, tun da ya nuna a kan wa wuƙar hukuma ta fi sauka.

Inda maganar ta tsaya a Nijar

Kashe-kashen hukuma da tarihin Nijar mai ƴanci ya fi riƙewa na siyasa ne. A watan Oktoba 1964 an harbe mayaƙan Sawaba a bainar jama'a a Yamai. Amadou Diop, wanda ya jefa gurneti don hallaka shugaba Diori Hamani a filin idin babbar salla a watan Afrilu 1965, shi ma an harbe shi daga baya. A 1976, bayan yunƙurin juyin mulkin watan Maris a kan Seyni Kountché, an harbe kwamanda Moussa Bayéré da kaftin Sidi Mohamed da wasu. Tun daga wannan shekara ba a sake aiwatar da hukuncin kisa na kotu ba. Kotuna suna yanke shi, shugabanni kan sassauta shi zuwa ɗauri. A watan Disamba 2010 gwamnatin riƙon ƙwarya ta kai ƙudurin soke shi gaban majalisar tuntuɓa ta ƙasa, mutum 40 suka ƙi, 27 suka yarda, 4 suka yi rowar ƙuri'a. A nahiyar kuwa, Kodibuwa ta soke shi a 2000, Senegal a 2004, Togo a 2009, Cadi a 2020. A Afirka ta Kudu kotun tsarin mulki ce ta soke shi a 1995 ƙarƙashin jagorancin Arthur Chaskalson, shi ma lauya Bayahude, wanda yana cikin waɗanda suka kare Nelson Mandela a shari'ar Rivonia, inda igiyar rataya ke jiran waɗanda ake tuhuma.

Masu ƙin sokewa a Nijar ba su rasa hujja ba. Akwai iyalan waɗanda aka kashe, akwai ƙauyukan Diffa da Tillaberi da ƴan ta'adda suka mayar kufai, akwai kuma addini, tun da ƙisasi hukunci ne tabbatacce a shari'ar Musulunci, kuma babu wata muhawara da za ta yi nisa a wannan ƙasa idan ta raina wannan. Amma a fiƙihun Malikiyya da malaman ƙasar nan ke karantarwa, ƙisasi a asalinsa haƙƙi ne na magadan mamaci, suna iya yafewa ko su karɓi diyya, an kuma kwaɗaitar da su yin afuwa. Sharuɗɗan shaida suna da tsauri, kuma malamai sun yi ittifaƙi a kan cewa shubuha tana tunkuɗe haddi. Hukuncin da ke cikin kundin 1961 wani abu ne daban: hukuma ce ke tuhuma, ita ke yankewa, ita ke harbewa, shugaban ƙasa kaɗai ke da ikon yafewa. Duk mai son a yi muhawarar da gaskiya sai ya fara da rarrabe waɗannan biyu, sannan ya tambayi kansa ko talakan da aka kamo daga ƙauye, wanda ba ya jin harshen da ake yi masa shari'a da shi, wanda kuma bai ga lauyansa ba sai dab da zaman kotu, ya sami irin kariyar da ta isa a ɗora ransa a kanta.

Ƙarshen tafiya

Badinter ya shugabanci majalisar tsarin mulkin Faransa daga 1986 zuwa 1995, ya zauna a majalisar dattawa daga 1995 zuwa 2011. A 1991 ya jagoranci kwamitin alƙalan da ya duba rabuwar Yugoslabiya, wanda ya kafa hujja da hukuncin kotun duniya na 1986 a kan rikicin iyakar Burkina Faso da Mali. A 2018, yana ɗan shekara 90, ya wallafa Idiss, tarihin kakarsa ta wajen uwa, wadda ta zo Paris ba ta iya karatu ba, ta rasu a 1942. Ranar 9 ga Oktoba 2025, shekara 44 bayan dokarsa, Faransa ta shigar da sunansa Panthéon, inda Victor Hugo ke kwance. A safiyar wannan rana aka tarar wasu sun ɓata kabarinsa da rubuce-rubucen zagi a maƙabartar Bagneux.

Gadonsa ga Nijar bai taƙaita ga batun kisa ba. Ya nuna cewa haƙƙin da ba a ba mafi munin mutane ba, wata rana na kirki ma zai neme shi ya rasa, kuma lauyan da ya tsaya kusa da wanda gari ya tsana yana tsare kowa ne. Ƴan Nijar sun ga irin wannan a gidansu ranar 27 ga Oktoba 2008, lokacin da kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta yamma, a zamanta na Yamai, ta ba Hadijatou Mani gaskiya a kan gwamnatin da ta kasa kare ta daga bauta, ta kuma sa a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Ɗaliban da ke zaune yau a azuzuwan Yamai da Maraɗi da Damagaram, daga cikinsu ne alƙalai da lauyoyi da ƴan majalisar gobe za su fito, kuma su ne za su yanke ko hukuncin da aka daina aiwatarwa tun 1976 zai ci gaba da zama a cikin kundi. Haƙƙin malamansu ne su sa su isa wannan rana sun san hujjojin ɓangarorin biyu, sun kuma san sunayen waɗanda aka harbe.